Wa Ke Kuka a Bishiyar Bayan Gida? Yadda Ake Gane Tsuntsun Dare da Kunne

A watan Afrilu, idan zafin Bauchi ya kori kowa daga ɗaki, ga wuta an ɗauke, tabarma muke shimfiɗawa a tsakar gida. Wajen ƙarfe goma sha biyu janaretocin maƙwabta suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, daga nan sai gari ya koma hannun masu dare. A irin wannan daren ne na fara jin wani kuka daga bishiyar mangwaron da ke bayan katangarmu a Yelwa: kwin, kwin, kwin, kamar ana ƙwanƙwasa ƙaramin ƙarfe da cokali, ba gaggawa ba hutu. Kwana uku ina fita da tocila ina leƙen rassa, na riga na yanke cewa wata ƙaramar mujiya ce. A dare na huɗu maigadin layinmu, dattijo ne mutumin Alkaleri, ya tsaya yana kallona.

"Malam, lafiya kake ta haske bishiyar mutane?"

Na ce, "Baba, tsuntsun nan nake nema."

Ya kasa kunne kaɗan, ya yi dariya. "Ai wannan ba shi da gashin tsuntsu ko ɗaya. Jemage ne, namijin, mata yake kira."

Abin da ya ɓatar da ni shi ne na raɗa wa kukan suna tun ban gama saurarensa ba. Duk wanda ya yi haka, kunnensa zai riƙa jiyo masa abin da ransa ke so ne kawai. Saboda haka tsarin da zan bi da kai a nan shi ne suna ya zo a ƙarshe. Da farko ka siffanta abin da ka ji, sannan ka duba wuri da lokaci, sannan ka naɗi sautin, sannan ka kwatanta.

Tukuna, tsuntsu ne kuwa?

Rabin abin da mutane ke kawo mini a waya suna cewa tsuntsun dare ne, ba tsuntsu ba ne. Jemagen 'ya'yan itace, mai farin gashi a kafaɗa, shi ne babban mai ruɗin mutane a cikin gari. Namijin yana rataye a reshe ɗaya ya yi ta maimaita sauti guda mai amon ƙarfe, kusan kowace daƙiƙa, sa'o'i a jere. Ka fi jinsa a inda akwai mangwaro, ɓaure, gwaiba ko darbejiya mai 'ya'ya.

Sai kwaɗi, da zarar ruwan farko ya sauka. Wasu suna yin ƙara mai kauri, wasu ƙanana da ke maƙale a jikin ciyawa suna yin fito siriri da za ka rantse daga bakin tsuntsu ya fito. Alamarsu ita ce ba sa kuka su kaɗai: ɗaya ya fara, goma su amsa, kuma sautin daga ƙasa yake tasowa, ta wajen kududdufi ko fadama. Gyare da danginsa kuma suna yin dogon "rrrr" wanda bai san numfashi ba. Ka taka ƙasa da ƙarfi kusa da wurin. Idan ya ɗauke ɗif, bayan ɗan lokaci ya ci gaba daga daidai inda yake, ƙwaro ne. A daji mai ƙaya akwai wata 'yar dabba mai manyan idanu da dogon wutsiya, dangin biri, tana tsalle daga reshe zuwa reshe tana wani kuka mai kaifi. Ita sautinta yana yawo a cikin bishiya da sauri, yanzu nan, anjima can.

Ka bar wayar a aljihu na minti biyu

Mu masu jin Hausa muna da wata baiwa da ba mu cika lura da ita ba. Harshenmu na karin sauti ne. Kunnen da yake raba "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, wanda yake jin abin da kalangu ke faɗa a bakin mahauta, ya riga ya koyi rabin aikin nan. Abin da ya rage shi ne ka yi amfani da shi da gangan.

Ka tsaya cak, ka rufe baki, ka sa tafin hannuwanka biyu a bayan kunnuwa kamar mai kiran salla, ka juya kai a hankali har ka sami inda sautin ya fi ƙarfi. Daga nan ka tambayi kanka abubuwa kaɗan. Muryar mai kauri ce kamar tambari, ko siririya kamar usur? Fito ne mai tsabta, ko akwai karkarwa a ciki, ko kuwa ƙara ce mai kama da yagar ƙyalle? Gaɓa nawa ce a kira ɗaya, kuma wacce ce ke sama wacce ke ƙasa? Mai kukan yana zaune wuri ɗaya ne, ko yana wucewa ta saman kanka?

Abin da mutane suka fi mantawa, kuma shi ya fi amfani, shi ne tazara. Ka duba agogo ka ƙirga kira nawa ya yi a cikin minti ɗaya. Da na yi haka a daren farko, da ban ɓata kwana uku ba, domin jemagen nan yana zuba kira da yawa a minti, ita kuwa ƙaramar mujiyar da na zarga ba ta wuce goma zuwa goma sha biyu.

Sai ka rubuta sautin da baƙaƙen Hausa yadda kunnenka ya ji shi, ko da zai ba ka dariya: "kurr", "ku-huu", "fii-fii-fiyu". Ka ja ɗan layi sama a kan gaɓar da ta hau, ƙasa a kan wadda ta sauka. Kada ka bari sai da safe. Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe sauti yadda take riƙe fuska, kafin ka idar da sallar asuba ta sake masa kama. Ni ƙaramin littafin 'yan makaranta nake ajiyewa a ƙarƙashin matashi, kowane shafi dare ɗaya: kwanan wata, ƙarfe nawa, akwai farin wata ko duhu, an yi ruwa ko ba a yi ba.

Ina kake tsaye, kuma wane wata ake ciki?

Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma gidan nasu shi ne zai rage maka aiki. A gandun Yankari kaɗai an ƙirga tsuntsaye sama da iri 350, amma waɗanda ke kuka da dare a unguwa ɗaya ba su cika wuce biyar ko shida ba. Wanda yake cikin tsohon gari, wajen Wunti ko Nasarawa, inda gine-gine suka cushe, abin da zai ji daban ne da na wanda gidansa ke gindin duwatsun da suka kewaye Bauchi. Wanda yake kwana kusa da madatsar ruwa ta Gubi, ko Dadin Kowa a jihar Gombe, nasa duk na bakin ruwa ne. Saboda haka ka rubuta abin da ke kewaye da kai: tsohon gini, dutse, gona, fadama, manyan itatuwa masu kogo irin su kuka da ɗorawa.

Sa'ar dare ma tana magana. Daga magariba zuwa bayan isha'i, da kuma gab da asuba, su ne lokutan da aka fi kuka. Wanda ka ji ana saura kaɗan a kira assalatu yana iya zama tsuntsun rana ne da ya yi sammako. Ragon maza yana yin haka, muryarsa kamar ana tuttular da ruwa daga gora, tana gangarowa sannan ta ɗan hau. A daji kuma burtu yana yin gunji mai zurfi kafin gari ya waye, wanda bai sani ba sai ya ɗauka babbar dabba ce. Zabi da fakara su ma idan wani abu ya firgita su a makwanci sukan ɓarke da hayaniya a tsakar dare.

Daga Satumba zuwa Nuwamba, da kuma Maris zuwa Afrilu, akwai baƙi. Tsuntsaye masu ƙaura tsakanin Turai da Afirka yawancinsu da dare suke tafiya, suna sakin ɗan gajeren sauti, "tsip", daga can sama. Idan ka ji guda ɗaya ya wuce bai sake ba, ka rubuta shi a matsayin matafiyi ka ƙyale shi. Wannan fanni ne na waɗanda suka daɗe a harkar.

Waɗanda za ka fi haɗuwa da su

Zan haɗa mafi yawansu da sunan kimiyya, ba don burga ba, sai don da shi za ka nemo sautinsu a intanet. Mu "mujiya" muke ce wa kusan dukkansu, manyan kuma wasu su ce duji, alhali muryoyinsu ba su ko yi kama ba.

Farar mujiya mai fuska kamar an zana zuciya, Tyto alba, ita ce ta cikin gari, kuma ita ce ta ja wa sauran baƙin jini. Ba ta yin "huu-huu" ko kaɗan. Ƙara take yi, doguwa mai kaushi, "shriiii", yawanci tana cikin tashi, shi ya sa za ka ji ta faro daga wannan rufin ta ƙare a wancan. Tana sheƙa a cikin silin, da hasumiyar masallaci, da tankin ruwa da aka daina amfani da shi, da kangon gini. Idan kana jin wani huci kamar minshari yana fitowa daga rufin ɗaki kullum da dare, har yara sun ƙi kwana a ɗakin, mafi yawan lokuta 'ya'yanta ne suke roƙon abinci. Na san gidan da aka yi ta kiran masu ruƙiyya a kan wannan minsharin, sai da kafinta ya hau gyaran kwano ya tarar da 'ya'ya huɗu a jere suna harararsa.

Ƙaramar mujiya mai launin ɓawon itace, Otus senegalensis, tsawonta bai kai tafin hannu da yatsu ba sosai, kuma da rana ko kana kallon reshen da take ba za ka gan ta ba. Kukanta gaɓa ɗaya ce mai 'yar karkarwa, "kurr", sai ta yi shiru na daƙiƙa biyar zuwa takwas, ta sake. Tana iya yin haka rabin dare ba ta canza ba. Mutane da yawa kwaɗo suke ɗaukarta. Bambancin shi ne ita daga sama take, kuma tazarar tata kamar an saita da agogo.

Mai farar fuska da baƙin zobe da jajayen idanu masu ruwan lemo, Ptilopsis leucotis, tana son itatuwan ƙaya da manyan bishiyoyin unguwa. Gaɓa biyu take yi masu taushi: ta farko gajeruwa, ɗan tsayawa, sai ta biyu mai ja, "ku, huuu". Da za ka ji ta da rana sai ka ce kurciya ce.

Wadda na fi so ita ce 'yar ƙaramar nan mai ɗige-ɗigen fari, Glaucidium perlatum, mai baƙaƙen tabo biyu a ƙeya kamar wasu idanun. Ita waƙa take yi sosai. Tana farawa da fito a hankali, "fi, fi, fi, fi", kowanne ya fi na baya ƙarfi da hawa, ta ɗan tsaya kamar mai jan numfashi, sannan ta saki dogaye masu gangarowa, "fiyuu, fiyuu, fiyuu". Wanda ya ji ta sau ɗaya ya gama da ita har abada. Tana kuka da hantsi ma, ba sai dare ba.

Babbar mai toka-toka da tukkaye biyu kamar kunnuwa, Bubo cinerascens, ta duwatsu ce da bakin gari. Murya mai kauri, gaɓa biyu, ta biyun ta fi sauka. Sau da yawa namiji da mace suna amsa wa juna, ɗaya daga wannan dutse ɗaya daga wancan. Akwai wadda ta fi ta girma, mai fatar ido ruwan hoda, tana zama a manyan itatuwan bakin rafi, ita gurnani take yi guntu-guntu kamar daga cikin randa. A bakin kogin Gaji da ke ratsa Yankari kuwa akwai mujiya mai kamun kifi, Scotopelia peli, ja ce babba, amonta mai zurfi yana tafiya nesa a kan ruwa. Wannan ba ta zuwa bayan gidan kowa, sai ka je ka same ta.

Sai yautai. Shi ne tsuntsun nan da ke kwanciya a kan turba da dare, idanunsa su yi ja a hasken fitilar mota, sai ka zo dab da shi ya tashi ya sake sauka a gabanka. Mai dogon wutsiya, Caprimulgus climacurus, kukansa "trrrrrr" ne mai tsawo a murya ɗaya, kamar ƙaramin inji yana aiki daga nesa, yana iya ɗaukar mintuna. Shi ake rikitawa da ƙwaro. Ka saurari ƙarshensa: yautai yakan katse, ya tashi, ya yi wani ɗan "cok, cok" a sama, ya koma wani wurin ya ɗora. Na kan duwatsu, Caprimulgus tristigma, dabam yake: gaɓa biyu ko uku, "wau-wau", kamar ɗan kwikwiyo yana haushi can nesa. Duk wanda gidansa ke gindin fako ko tsauni a Bauchi, ko wajen tuddan Kaltungo da Tula, ya ji haushin da ba ya matsowa ba ya nisa, ya tuna da wannan. Akwai kuma wanda namijinsa ke fitar da dogayen gashi biyu a fukafukai lokacin aure, kowanne da tuta a ƙarshe, idan yana tashi sai ka ce wasu ƙananan tsuntsaye biyu ne ke bin sa. Muryarsa siririya ce ƙwarai, "tsi-tsi-tsi", dattawa da yawa kunnensu ba ya kama ta. Dukkan yautai sun fi surutu a daren farin wata, don haka daga goma ga watan Musulunci zuwa goma sha bakwai ne lokacin nemansu.

Na bakin ruwa ba su da wuyar sha'ani. Ƙirinjijiya, Dendrocygna viduata, tana wucewa garke-garke a sama da dare tana fito mai gaɓa uku, "wi-wi-wiyu". Zakaran ƙeƙuwa shi ne ɗan tsegumin fili, ko kare ne ya gifta sai ya tashi da ƙara mai kaifi ya tayar da kowa. Akwai kuma mai manyan idanu rawaya da kaurin gwiwa, Burhinus senegalensis, wanda ke yini a laɓe a bakin ruwa, da dare ya saki jerin fito da ke ƙaruwa da ƙarfi sannan ya yi ta raguwa har ya mutu, kamar rediyon da batirinsa ke ƙarewa. Idan ka ji "kwak" guda ɗaya mai kauri daga sama bayan magariba, dangin zalɓe ne mai kiwon dare, ya fito daga makwanci zai tafi fadama.

Yadda za ka naɗi sautin

Yanzu ka ciro wayar. Manhajar naɗar murya da ta zo da ita ta isa. Idan tana da zaɓin inganci, ka sa ta a mafi girma, idan akwai WAV ka zaɓe shi. Ka sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ka. Makirfon yawancin wayoyi a gindi yake, wajen da ake sa caja, to can za ka nuna wa bishiyar. Kada ka riƙe ta kana motsa yatsu, ƙarar hannunka za ta fi ta tsuntsun. Ka ɗora ta a kan katanga ko turmi, ka ja baya taku biyu, ka yi shiru. Idan ana iska, musamman ta hunturu, ka sa wayar cikin safa mai tsabta.

Ka bar ta ta yi aƙalla minti ɗaya cur, biyu ya fi. Guntun daƙiƙa biyar ba ya nuna tazara, kuma tazarar ce shaida. Kafin ka kashe, ka faɗi da bakinka kwanan wata, lokaci, unguwa, da inda sautin ke fitowa, misali "saman darbejiya, kamar taku ashirin daga ƙofar gida". Bayan wata shida za ka gode wa kanka.

Matsowa kusa ya fi duk wata dabara. Idan ka rage nisan da rabi, sautin zai shiga da ƙarfi sosai fiye da yadda kake zato. Ka naɗa daga inda kake tukuna, don kada ya tashi ka rasa duka, sannan ka matsa taku biyar ka sake. Wani abu kuma: idan za ka tura wa wani ta WhatsApp, kada ka kunna sautin ka sake ɗauka da maɓallin saƙon murya. Wannan yana matse shi ya zubar da siraran muryoyi. Ka tura ainihin fayil ɗin a matsayin takarda, wato "Document".

Kwatantawa

Zuwa nan ya kamata a ce zarginka ya tsaya a kan biyu ko uku. Ka shiga xeno-canto, rumbun sautin tsuntsaye ne na kyauta da aka kafa a 2005, mutane daga ko'ina suke zuba abin da suka naɗa. Ka rubuta sunan kimiyyar, ka zaɓi waɗanda aka ɗauka a Najeriya ko maƙwabta irin su Kamaru, Ghana da Senegal, domin tsuntsu ma yana da karin harshen yankinsu. Ka sa abin kunne, ka saurari naka, ka saurari nasu, ka sake komawa naka. Kada ka tsaya a kan guda ɗaya, ka ji huɗu ko biyar, saboda tsuntsu ɗaya yana da kukan neman aure, da na gargaɗi, da na 'ya'ya.

Akwai manhajojin da ke saurare su faɗi suna, BirdNET da Merlin su ne sanannu, dukkansu da hannun sashen nazarin tsuntsaye na jami'ar Cornell a Amurka. Ina amfani da su, amma matsayin ɗan rakiya na ba su, ban ba su alƙalanci ba. An fi horar da su da tsuntsayen Turai da Amurka, don haka a nan sukan yi kuskure da cikakken ƙarfin hali. Ka kunna musu wurin da kake, in ba haka ba sai su ba ka sunan tsuntsun da bai taɓa ƙetare teku ba. Duk sunan da suka bayar, ka koma rumbun can ka tabbatar da kunnenka.

Abin da ya fi burge ni a cikinsu shi ne hoton sauti, wato zanen da ke gudana a fuskar waya yayin da ake naɗa. Hagu zuwa dama lokaci ne, ƙasa zuwa sama kuma kaurin murya zuwa sirantarta. Manyan mujiyoyi suna kwanciya can ƙasa. Gyare yana jan layi miƙaƙƙe a sama wanda ba ya yankewa. Kukan farar mujiya kamar an goga gawayi yake fitowa, ba shi da tsari. Na mai ɗige-ɗige kuwa matakala ce ke hawa, sai sanduna masu gangarowa. Mai kwamfuta yana iya ganin wannan da Audacity, ita ma kyauta ce.

Idan duk ka yi wannan abin bai faɗa ba, ka nemi mutane. A Jos, maƙwabciyarmu, akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a dajin Amurum, ƙarƙashin Jami'ar Jos, kuma daga can ake tafiyar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda matasan Arewa da dama suke ciki, ana samunsu a Facebook. Amma kafin ka kai can, ka fara da na kusa. Maharba, da Fulani makiyaya, da masunta, da masu gadin gona sun kwana a waje fiye da duk wani mai digiri. Ka kunna wa dattijo sautin ka ce, "Baba, wane ne wannan?" Ka rubuta sunan da ya faɗa, da Hausa ne ko Fulatanci ko Jaranci ko Tangale, ka tambaye shi kamanninsa da inda yake kwana. Sau da yawa bayanin nasa ne zai raba maka gardama tsakanin biyun da suka rage.

Idan kana son ka gan shi da ido

An ce gani ya kori ji, amma fita da dare tana da sharuɗɗa. Ka sa takalmi rufaffe da dogon wando, ka haska ƙasa kafin ka haska sama. Yankinmu na kububuwa ne, ba banza aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba, kuma da dare take fitowa, musamman a gonaki da wurin duwatsu. Kada ka tura hannu cikin kogon bishiya. Ka gaya wa 'yan sintirin unguwa abin da kake yi tun da rana, domin mutum da tocila a bayan katangar wani ƙarfe ɗayan dare ba shi da bakin bayani. Ku fita ku biyu. A Yankari kuwa ba a yawon dare a daji, ka zauna a sansanin Wikki ka kasa kunne, abin da zai zo maka a nan ma ya isa.

Ka riƙe tocilar kusa da goshinka, saitin idonka, ta haka ne za ka ga ƙyallin idon tsuntsun. Idan ka same shi, ka kawar da tsakiyar hasken gefe, ka dube shi na ɗan lokaci ka kashe. Wasu suna kunna sautin tsuntsu a waya don ya matso. Yana aiki, amma shi a ganinsa kishiya ce ta shigo masa gida, sai ya bar farauta da 'ya'ya ya zo faɗa. In ka yi sau ɗaya na rabin minti don tabbatarwa, to, amma kada ya zama abin nishaɗin kowane dare.

Hanya mafi sauƙi ma da rana take. Ka koma gindin bishiyar da safe ka duba ƙasa. Mujiya tana haɗiye ɓera ɗungurungum, daga baya ta amayo gashi da ƙashi a dunƙule, kamar ƙaramin ƙwallo mai launin toka ko baƙi. Idan ka ga waɗannan da farin kashi a jikin reshe ko bango, makwancin yana samanka. Ka fasa ɗaya da tsinke: ƙasusuwan ɓeraye na nuna farar mujiya ko wata babba, fukafukan ƙwari da ƙafafun fara na nuna ƙaramar. Sannan ka saurari ƙananan tsuntsaye. Idan ka ji sun taru a reshe ɗaya suna ta tsiwa ba dalili, ka duba tsakiyarsu. Daga nan Bahaushe ya samo "sun mai da shi mujiya", kuma wannan tsangwamar ita ce ta nuna mini mai farar fuska ta farko da na taɓa gani, a cikin wata tsamiya, ta rufe ido ɗaya tana jiran su gaji.

Wata rana binciken zai ƙare a rufin gidanku, kuma za a sami wanda zai ce a kashe ta, wai kukanta mutuwa yake kira. A nan ni hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito nake kawowa, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore camfi, ya ambaci "hama" a ciki, malamai da dama kuma suka fassara ta da mujiyar da Larabawan jahiliyya ke camfawa. Sai in ƙara da lissafin buhu: uwa da uba masu ciyar da 'ya'ya suna kwaso ɓeraye da yawa kowane dare, daga rumbunka da na maƙwabta. Idan warin da minsharin sun dame ku, ku yi haƙuri 'ya'yan su yi fiffike, abin bai fi wata biyu zuwa uku ba daga ƙyanƙyasa. Ranar da kuka ji silin ya yi tsit dare uku a jere, sai a hau da rana a leƙa, a tabbatar ba kowa, a share, a toshe ramin da ragar waya.